Da Tsohuwar Zuma: Beatles, Kaset Ɗaya, da Abokin Cinikina

Wancan karon na yi alkawarin za mu taɓa batun tsadar kuɗin mota da yadda take cinye ribar ƙaramin ɗan kasuwa. Ku yi mini uzuri, na ɗage shi zuwa fitowa ta gaba. Wani abu ne ya faru a gidana da ya hana ni sukuni, kuma kun san halina, abin da ya tsaya mini a rai sai na amayar da shi a nan nake samun barci.

Daren wata Asabar ne, na dawo daga shago ina zaune a tsakar gida ina duba littafin bashi. 'Yata ta biyu, mai shekara 19, tana wanke-wanke, ta jingina wayarta a jikin bokiti tana jin waƙa ƙasa-ƙasa. Ban kula ba da farko. Can sai na ji wani kaɗin jita da ya sa biro ya tsaya a hannuna. Na ce, "Ke, ƙaro sautin nan." Ta ɗauka faɗa zan yi, ta yi sauri za ta kashe. Na ce ba kashewa na ce ba, ƙarowa na ce.

Waƙar Beatles ce, wadda ake kira Here Comes the Sun. Na ce mata, "Kin san wannan waƙar ta fito tun 1969? Lokacin ko tafiya ban fara ba." Ta zaro ido ta ce, "Abba, kai ma ka san su?" Na ce ai ni ya kamata in yi miki wannan tambayar. Ta ce a waya ta tsince ta, ƙawayenta na makaranta ma suna ji, kuma waƙar ta wuce sauraro biliyan ɗaya a Spotify. Na yi shiru. Ni na san waƙar nan ne a kan wani kaset mai farin kwali wanda na ɗinke da hannuna ya fi sau biyar.

A 1986 kawuna ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni Kumasi, ina saurayi, ya ajiye ni a rumfarsa ta sayar da batir, tocila da kaset. Muna da rakoda mai baki biyu, kuma aikina shi ne kwafe. Ka kawo faifanka ko kaset ɗinka, ka sayi sabo a wurinmu, in juye maka. Yau an ce wannan satar fasaha ce, kuma gaskiya ne, amma a lokacin ko sunan laifin ba mu sani ba. Abin da aka fi nema shi ne hailaif, rege, waƙoƙin Indiya, wa'azi, sai kuma Shata da Ɗan Maraya ga mutanenmu na zango.

Akwai wani dattijo da ke zuwa, mutumin Sekondi, a zango ya tashi don haka Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya yi shekaru yana aiki a ɗakin injin jiragen ruwa masu zirga-zirga tsakanin Takoradi da Libaful ta Ingila. Wata rana ya zo da faya-fayen garmaho guda uku a naɗe cikin tawul, kamar mai ɗauke da jariri. Ya ce allurar garmahonsa ta mutu kuma ba a samun irinta, yana so a juye masa a kaset. Ya ƙi barin su su kwana a rumfa. Ya zauna a kan benci har aka gama, idonsa a kan hannuna. Da na ɗauki faifan da yatsu a tsakiyarsa, ya daka mini tsawa: "Yaro, ta gefe ake riƙewa!"

Bayan wata biyu ya dawo, rakodarsa ta tauna zaren. Na buɗe kwalin da ƙaramin sukundireba, na yanke inda ya lalace, na haɗa da salatif, na naɗe da biro. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Duk zuwan da zai yi sai ya ce in sa mu ji ko ɗinkin ya kama, daga nan kuma sai labari. Ni da ba na jin Turancinsu sosai, shi ya riƙa fassara mini. Na taɓa tambayarsa, "Baba, ba ka gajiya da waɗannan waƙoƙin? Ga sababbi nan an kawo." Ya ce, "Ɗana, kai kana gajiya da tuwo?"

Daga bakinsa na fara jin tarihinsu, sauran kuma na bi na karanta daga baya, don ni karatuna na bin takardu ne da tambaya. Su huɗu ne: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr, dukansu 'yan Libaful, garin tashar jiragen ruwa. Ba 'ya'yan sarauta ba ne. Mahaifin George direban bas ne. Mahaifiyar Paul ungozoma ce, ta rasu a 1956 yana da shekara 14. Mahaifiyar John mota ce ta buge ta a 1958 yana da 17. Ringo kuwa ya yi ƙuruciyarsa yana shiga asibiti yana fita, har karatunsa ya samu naƙasu. John da Paul sun haɗu ne a ranar 6 ga Yuli 1957 a wani bikin unguwa, ƙungiyar ta ɗauki sunan Beatles a 1960, Ringo ya shigo a 1962.

Abin da ya fara kama zuciyata a labarinsu shi ne su ma 'yan ci-rani ne. A watan Agusta 1960 suka tsallaka zuwa Hambog ta Jamus neman abinci. Masaukinsu na farko wani ɗakin ajiya ne a bayan allon silima, kusa da ban-ɗaki. Suna kiɗa awa biyar, awa shida a dare, kusan kullum, a gaban 'yan jirgi da mashaya waɗanda ba sa jin kunyar jefa maka kwalba idan ba ka burge su ba. George ma korar sa aka yi daga ƙasar a watan Nuwamba na shekarar, saboda shekararsa 17, bai kai a bar shi ya yi aikin dare ba. Duk wanda ya taɓa kwana a kan kwali a bayan shagon maigida, ko ya taɓa ɓuya saboda takardar zama, ya san wannan rayuwar ba sai an fassara masa ba. A can hannunsu ya faɗa. Da suka koma gida suka ci gaba a wani kulob na ƙarƙashin ƙasa mai suna Cavern, inda suka yi wasa kusan sau 300.

Wanda ya fito da su kuwa ɗan kasuwa ne irinmu. Brian Epstein yana kula da sashen faifai na shagon gidansu, ya je ya gan su a Nuwamba 1961, ya zama manajansu, ya cire musu rigunan fata ya sa musu kwat. Ya kai su kamfanin Decca a ranar 1 ga Janairu 1962 aka gwada su, kamfanin ya ce ba ya so. Wani mai haɗa sauti, George Martin na kamfanin EMI, shi ya karɓe su. Waƙarsu ta farko ta fito a Oktoba 1962. Goma daga cikin waƙoƙin kundinsu na farko a yini ɗaya suka naɗe su, ranar 11 ga Fabrairu 1963. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 9 ga Fabrairu 1964, suka fito a talabijin a Amurka, aka ƙiyasta mutum miliyan 73 sun kalla. A watan Afrilu na shekarar, a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, daga ta ɗaya har ta biyar duk nasu ne. Wanda ya mayar da su a Decca, ban san yadda ya riƙa kwana ba. Kowane ɗan kasuwa yana da kayan da ya raina a gaban dillali ya dawo yana cizon yatsa, amma nasa ya fi na kowa.

To ga abin mamakin. Daga waƙar farko zuwa watsewarsu a Afrilu 1970 bai cika shekara takwas ba. Sun bar waƙoƙi sama da 200. Ranar da suka rabu babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Yau fiye da rabin ƙarni ke nan, amma masoyansu ba su watse ba. Akwai wata mashigar masu tafiya a ƙasa a titin Abbey Road na Landan, inda aka ɗauke su hoto suna tsallakawa a ranar 8 ga Agusta 1969. Har gobe mutane daga ƙasashe daban-daban suna zuwa su tsallaka a ɗauke su hoto, direbobi suna ta haƙuri, kuma a 2010 gwamnatin Ingila ta sa wannan zanen titin cikin kayan tarihi da doka ta kare. A Libaful filin jirgin sama sunan John Lennon yake ɗauke da shi. Gidajen da John da Paul suka tashi an adana su ana kai baƙi. Duk watan Agusta ana taron mako guda na masoyansu, makaɗa daga ƙasashe da yawa suna zuwa su rera waƙoƙinsu. Allon sunan titin Penny Lane, wanda suka yi wa waƙa, masoya sun yi ta ɓalle shi suna gudu da shi har hukumar gari ta koma rubuta sunan da fenti a jikin bango.

A tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda hukuma ba ta son kiɗansu, matasa sun riƙa kwafar waƙoƙin a ɓoye suna miƙa wa juna hannu da hannu, kamar dai yadda nake yi a rumfar kawu amma su da tsoron kamu. Sai a 2003 Paul ya tsaya ya yi wasa a babban dandalin Masko, a gaban mutanen da suka yi furfura suna jiran ranar.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya riƙe mutane haka. A matsayina na wanda ya sayar da kaset ya ga waƙoƙi sun yi tashe wata uku sun mutu, ga abin da na gano.

Na farko, karin waƙar yana tsayawa da ƙafarsa. Cire ganga, cire jita, ka bar mutum ɗaya yana gunguni a bakin famfo, za ka gane ta. Shi ya sa waƙarsu mai suna Yesterday mawaƙa sama da dubu biyu suka sake rerawa. Kaya idan yana da kyau, ko a faranti ka zuba shi zai tafi.

Na biyu, ba su tsaya a kan abin da ya karɓe su ba. A 29 ga Agusta 1966 suka yi wasan kuɗi na ƙarshe a gaban jama'a, suka daina yawo, don ihun 'yan kallo ya kai ba sa jin abin da suke kaɗawa. Suka koma ɗakin naɗar sauti suna gwaje-gwaje: su shigo da gogen Turawa, su juya zaren naɗi baya, George ya je ya koyi molon Indiya da ake kira sita a wurin Ravi Shankar. Mai son mai sanyi zai samu, mai son hayaniya zai samu, yaro ma akwai tasa. Rumfa ce da ba ka fita hannu rabbana.

Na uku, kuma shi ne babba a wurina, sun yi waƙa a kan abin da ba ya tsufa. Dattijon nan ya fi son Eleanor Rigby, labarin wata mata da ta rayu ita kaɗai ta mutu ba wanda ya je jana'izarta. Ya ce mini ya ga irinta a Libaful, a cikin tsofaffin 'yan jirgi baƙaƙen fata da suka maƙale a can ba su koma gida ba. Paul ya yi Let It Be bayan ya yi mafarkin mahaifiyarsa da ta rasu. Ya yi Hey Jude don lallashin ɗan John lokacin da auren iyayen yaron ke mutuwa a 1968. Suna da waƙar yarinyar da ta bar gida da asuba iyaye suka farka ba su gan ta ba. George har mai karɓar haraji ya yi wa waƙa, don gwamnatin lokacin tana kwashe kaso mafi tsoka na abin da suke samu. Maraici, kaɗaici, rabuwar iyaye, haraji. Ku gaya mini wanne ne ya ƙare a duniya.

Kuma ba su ɓoye inda suka ɗebo ruwa ba. Sun sha faɗa cewa daga baƙaƙen mawaƙan Amurka irin su Chuck Berry da Little Richard suka koya. A Satumba 1964, a garin Jacksonville, suka ce ba za su hau dandali ba idan aka raba farare da baƙaƙe a wurin zama, dole aka haɗa jama'a. Sunan waƙarsu Ob-La-Di, Ob-La-Da daga bakin wani makaɗin ganga ɗan Najeriya mazaunin Landan, Jimmy Scott, Paul ya ɗauko shi. A 1973 kuma, bayan watsewarsu, Paul ya zo Legas ya naɗi kundinsa Band on the Run. 'Yan fashi suka tare shi da wuƙa suka ƙwace masa kaya har da kaset ɗin gwajin waƙoƙin, Fela kuma ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da ya naɗa ya ji babu.

Na san wani zai ce me ya haɗa mai furfura irina da kiɗan Turawa. Ba fatawa na zo bayarwa ba, kuma ban ce waliyyai ba ne. Sun sha ƙwayoyi, ba su ɓoye ba. John ya taɓa sakin wata magana a 1966 da ta fusata Kiristocin Amurka har aka riƙa ƙona faya-fayensu a fili. Kowa ya san abin da ya yarda ya shiga gidansa. Abin da ya kawo ni shi ne yadda suka rabu, don a nan labarin ya taka ni.

Waƙa ba ta raba su ba, lissafi ne. A Agusta 1967 Epstein ya mutu yana da shekara 32, aka rasa mai riƙe littafi. Suka buɗe kamfaninsu mai suna Apple, har da kantin tufafi a Landan a Disamba 1967. Mutane suna shiga suna ɗauka suna fita, ba mai tsawatarwa. Wata takwas bai cika ba suka rufe, suka raba sauran kayan kyauta. Da kuɗi suka fara zurarewa aka ce a nemo mai gyara. Paul ya ce a ba surukinsa, Lee Eastman, lauya ne. Sauran ukun suka ce ina, ai zai fifita mijin 'yarsa, su Allen Klein suke so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ranar 31 ga Disamba 1970 Paul ya kai abokansa uku kotu don a raba tarayyar, John da Paul suka koma yi wa juna habaici a waƙa.

Ga kuma ta biyu. A 1963, suna samari suna murnar samun shiga, John da Paul suka sa hannu aka kafa kamfanin da zai mallaki waƙoƙin da suke rubutawa, kuma kaso mafi girma bai zo hannunsu ba. A 1969 abokin tarayyarsu ya sayar da nasa kason ba tare da ya shawarce su ba. Haka mallakar ta yi ta sauya hannu har Michael Jackson ya saye ta a 1985 a kan dala miliyan 47.5, alhali Paul ne da kansa ya taɓa nuna masa cewa akwai riba a sayen haƙƙin waƙoƙi. Ka haifi abu da cikinka, ka wayi gari wani ne ke karɓar kuɗin hayarsa, saboda takardar da ka sa wa hannu kana ɗan shekara ashirin ba ka karanta ba.

Yanzu bari in faɗi nawa. A 1994 ni da wani abokina, ɗan garinmu, tare muka kwana a bayan rumfa muna samari, muka haɗa jari muka buɗe shago. Daga kaset muka koma faifan sidi, daga nan muka koma kayan waya. Shekara 17 muna tare, ko takarda ɗaya ba mu rubuta ba. Wa ya zuba nawa, wa ya ɗauki nawa ranar sunan ɗansa, duk a ka. Muna ganin rubutawa kamar zargi ne. Da harka ta buɗe, kaya suka fara zuwa daga Lome da yawa, lissafi ya fi ƙarfin kai, sai na ce a kawo ƙanin matata ya riƙe littafi tunda ya yi boko. Abokina bai ce a'a ba, amma daga ranar fuskarsa ta canja. Ni kuma ban tambaye shi ba, don ina ganin ai gaskiyata ce, yaron amintacce ne. A 2011 wani kaya ya yi gibi, magana ta fito, aka tara manya a zango aka raba mu. Ya kwashe nasa ya koma Tamale. Yaron bai ci ko sisi ba, daga baya an gano kuskuren daga wurin mai aiko da kaya ne. Amma ni na san laifina: na kawo nawa na ɗora a kan dukiyar mutum biyu ban nemi yardarsa ta gaskiya ba. Shekara da shekaru ba mu gaisa ba sai dai saƙon ta'aziyya ta bakin wani.

Daren nan, bayan ta gama wanke-wanke, 'yata ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Abba, ka ji ta ƙarshen da suka fitar?" Na ce wace ta ƙarshe, mutanen da biyu sun mutu? An harbe John a Niyok ranar 8 ga Disamba 1980 yana da shekara 40, George kuma ciwon daji ya ɗauke shi a Nuwamba 2001. Sai ta kunna mini Now and Then. Na je na bi labarinta. John ne ya rera ta shi kaɗai a gida, a kan kaset, 'yan shekaru kafin a kashe shi. Matarsa ta miƙa wa Paul kaset ɗin a 1994. Suka gwada gyara ta a 1995 suka kasa, don ƙarar fiyano da gurnanin lantarki sun danne muryar. Sai da aka samu sabuwar fasahar kwamfuta mai iya tsame murya daga cikin hayaniya, sannan Paul da Ringo, dukansu sun haura 80, suka ɗora nasu, aka haɗa da jitar da George ya kaɗa tun 1995. Ta fito ranar 2 ga Nuwamba 2023, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, shekara 54 bayan ta ƙarshensu da ta hau. A Fabrairu 2025 ta ci kyautar Grammy.

Ina jin muryar mamaci tare da ta abokinsa tsoho, sai na tuna Paul ya sha faɗa a hirarraki cewa abin da yake godiya a kai shi ne sun shirya da John, suna waya suna hira, kafin a kashe shi. Da bai yi ba fa? Shi yana da kaset da kwamfuta. Ni idan mutumina ya riga ni, ko na riga shi, me za a tsamo?

Washegari bayan azahar na nemi lambarsa a wurin wani direba. Na riƙe wayar ta fi minti goma kafin in danna. Da ya ɗauka na yi sallama, ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, kai ne?" Na ce ni ne. Muka gaisa, muka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da yaran da aka haifa ban sani ba. Na ce masa, "Mutumina, maganar yaron nan da na kawo, ban kyauta maka ba." Ya ce, "Ni ma da na yi magana tun ranar, da ba a kai nan ba." Ba mu koma kasuwanci tare ba, kuma ba na jin za mu koma. Amma ya ce babbar 'yarsa za ta yi aure bayan salla, na ce ko da rarrafe zan zo. Zumunta a ƙafa take.

Ga masu haɗa jari a cikinku, musamman matasa da ke shigowa yanzu, ku rubuta. Ku sa shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi: nawa aka zuba, yaya za a raba riba, wa zai riƙe littafi, in an tashi rabuwa yaya za a yi. Ku rubuta tun kuna dariya da juna. Kada ɗayanku ya kawo ɗan uwansa kan kuɗin tarayya sai ɗayan ya yarda har zuciya, ba yardar kunya ba. Kuma duk takardar da aka miƙo muku, ku kai wa wanda ya iya ya karanta muku kafin ku dangwala.

Sai kuma wani abu da ya dame ni. Beatles suna raye a wayar 'yata ne saboda an adana zaren da suka naɗa, an goge, an juye shi daga faifai zuwa sidi, daga sidi zuwa intanet. Na tambaye ta ko ta san Shata, wanda ya rasu a 1999. Ta ce tana jin sunan. Ɗan Maraya Jos fa, da bai daɗe ba, 2015? Ta girgiza kai. Wannan ba laifinta ba ne, nawa ne, ni da na kwafi kaset ɗinsu ya fi dubu ban ajiye wa gidana ko ɗaya ba. Wanda ke da tsofaffin kaset a akwati, na waƙa ne, na karatu ne, ko irin saƙon murya da iyayenmu kan naɗa su aiko mana daga gida, ya fito da su a juye kafin damina ta gama da su.

Dattijon nan ya daina zuwa rumfa wajen 1997. Daga baya na ji ya koma Sekondi wurin 'ya'yansa, can ya rasu, Allah ya jiƙansa. Zuwansa na ƙarshe ya bar mini kaset ɗin in ɗinke, bai dawo karɓa ba. Na tona akwati na same shi, rubutunsa na nan a jikin kwalin da jan biro. Babu rakoda a gidan, sai da 'yata ta aro a wurin wani mai gyaran rediyo a Aboabo. Yana ja, kuma duk inda na haɗa da salatif sai waƙar ta yi tsalle. Ta ce, "Abba, ta waya ta fi fita." Na ce na sani, bar shi ya kai ƙarshe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba kan batun kuɗin mota, in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya mai da kowa gida lafiya.